Gahawar da na soya ta kumbura leda, ko ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayen ɗanyar gahawa in soya da kaina a kasko, a gida nan Birni. Na zuba ta a leda na ɗaure tam, da safe na tarar ledar ta kumbura. Ta lalace ne? Yaya zan adana ta kada ƙamshinta ya gudu? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, gahawarki lafiya lau take. Kumburin nan ma shaida ce cewa sabuwar suya ce.

In ƙwayar gahawa ta sha wuta, sukarin da ke cikinta yana ƙonewa, sai iskar kabon, irin wadda muke fitarwa wajen numfashi, ta taru cikin ƙananan ramukan ƙwayar. Ƙarar fashewar da kike ji a kasko, wajen digiri 196, tururi ne da iskar nan ke tsaga ta. Bayan an sauke, iskar tana ci gaba da fita, da ƙarfi a yinin farko, sannan a hankali har makonni. Suyar da ta yi baƙi ta fi saurin saki fiye da wadda aka sauke tana ja-ja.

Iskar nan ba ita ke ɓata gahawa ba, tsare ta ma take yi, don muddin tana fita tana korar iskar waje. Masu kashe ƙamshi su ne iskar waje da zafi da laima da hasken rana. Shi ya sa manyan kamfanoni ke sa ɗan bawul a jikin jakar gahawa, wanda ke barin iska ta fita amma ba ta shiga.

Da kin sauke, ki baza ta a faifai ki yi ta fifita har ta huce sarai, ɓawon ya tashi. Kada ki rufe ta da ɗumi, gumi za ta yi. Sai ki zuba a kwalba busasshiya, ki ɗora murfin ba tare da kin murɗe shi ba, ta kwana haka. Washegari ki murɗe tam. Kwana uku ko huɗu na farko ki riƙa buɗewa sau ɗaya a yini, ki ji ta yi "fus", ki mayar. Ki zaɓi kwalbar da gahawar za ta kusan cikawa, don rabin kwalba iska ce kika ajiye mata. Wadda ta taɓa ɗaukar yaji ko daddawa kuwa ki bar ta, gahawa tana zuƙar wari.

A garinmu zafi ne babban abin lura. A Afrilu da Mayu, da ake wuce digiri 40, iskar kabon ɗin tana saurin ƙarewa, man ƙwayar kuma ya soma tsami da wuri. Ki nemi lungun ɗaki mai duhu da sanyi, nesa da murhu da taga. Ban ba da shawarar firji ba: in an ɗauke wuta, ko kin fito da kwalbar cikin zafi, raɓa za ta kwanta a kan ƙwayar. Da damina ki ƙara kula da murfi, da hunturu kuma ko a daren farko ki yafa tsumma saboda ƙura.

Shan fa? In tafasawa kike yi a buta da citta da kanumfari, sha tun ranar, haka mutanen Habasha ke soyawa su daka su dafa a zama ɗaya. In kuwa tacewa kike yi, ki jira kwana biyu zuwa huɗu, don iskar tana hana ruwa ratsa garin, sai ya yi kumfa ɗanɗanon ya fito ba daidai ba.

Kada ki daka sai wadda za ki dafa, garin gahawa yana sakin iskarsa da ƙamshinsa cikin sa'o'i kaɗan. Ɗanyar ƙwaya tana yin watanni a buhu a busasshen wuri, saboda haka ki riƙa soya ta mako ɗaya, in ta yi yawa ta mako biyu.