Fatawa: An gayyaci 'yata gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, shin in sa hannu ta tafi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da 'ya mai shekara 16 da 'yan watanni. Tun tana firamare take buga ƙwallon ƙafa da 'yan'uwanta mata, kuma Allah Ya ba ta ƙafa. Yanzu an gayyace ta sansanin da za a tace 'yan wasan da za su wakilci ƙasa a gasar cin kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17, ana jiran in sa hannu a takardar amincewa. Mahaifiyarta tana so. Yayana kuwa ya ce in na bar ta ta tafi na zubar da mutuncin gidanmu. Sannan wanda ya yi mana hanya ya ce in sake mata takardar haihuwa, a rage shekara biyu, don ta daɗe ana damawa da ita. Malam, kaina ya ɗaure. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka sa hannu, Allah kuma Ya raya maka ita bisa tafarkin addini.

Zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshe, domin shi ne wanda babu saɓani a kansa. Rage mata shekaru haramun ne, kada ka yi, ko da wannan ne zai sa ta rasa gurbin baki ɗaya. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Gasar an gina ta ne a kan shekarar haihuwa, duk wadda ta shiga da shekarun ƙarya ta ha'inci waɗanda za ta kara da su, ta kuma ƙwace gurbin wata yarinya da ta cancanta. 'Yan wasa 21 kacal ake tafiya da su. Idan taka ta zauna shekara biyu a kujerar da ba tata ba, akwai wata 'yar mutane da aka mayar gida tana kuka, kuma haƙƙinta yana wuyanka. Bayan haka, sabuwar takardar ba ta samuwa sai wani ya rubuta ƙarya, sau da yawa ma sai an je an yi rantsuwa a kanta. Shaidar zur tana cikin manyan zunuban da Annabi (SAW) ya lissafa yana kishingiɗe, da ya zo kanta sai ya tashi zaune ya yi ta maimaitawa, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Kuma ƙaryar ba ta ƙarewa da gasar: za ta shiga fasfo, ta bi ta makaranta, ta bi ta wurin aiki, ya zama kai ne ka ɗora mata ita tun tana ƙarama. Mutumin da ya kawo maka wannan shawara, ka sa masa ido a kan sauran al'amuran ma.

To, sai ita ƙwallon kanta. Asalin wasa da motsa jiki halal ne ga namiji da mace, babu nassin da ya ware mace ya ce ita ba ta gudu ko ba ta buga abu da ƙafa. Ahmad da Abu Dawud sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya ta tsere masa, bayan ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Saboda haka wanda ya ce mace ta buga ƙwallo haramun ne a kan kansa, sai ya kawo dalili, kuma ba shi da shi. Sai dai a cikin ruwayar Ahmad akwai wata kalma da masu kafa hujja da wannan hadisi suke yawan tsallakewa: kafin su fara tseren, Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai su yi gaba. Sai da maza suka ba da wuri sannan matarsa ta yi gudu. Hadisi ɗaya ya ba mu halaccin wasan, ya kuma nuna mana ladabinsa. Wasan 'yarka tsakanin mata, a filin da maza ba sa kallo, tana rufe abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa a ƙalla, wannan babu komai a cikinsa, alheri ne ma ga lafiyarta.

Gasar duniya kuwa wani abu ne daban, domin ana yin ta ne a gaban dubban mutane, kyamarori kuma suna kai ta ko'ina, hoton da aka ɗauka yau yana nan a intanet har bayan ta yi jikoki. Yarinya 'yar shekara 16 a galibi ta balaga, hukuncin manyan mata ya hau kanta, sunan “gasar yara” ba ya sauke mata shi. A mazhabar Malikiyya al'aurar mace a gaban namijin da ba muharraminta ba ita ce duk jikinta ban da fuska da tafukan hannu, bisa aya ta 31 ta Suratun Nur. Don haka fita fili da gajeren wando, cinya da gashi a waje, bai halatta gare ta ba, bai kuma halatta gare ka ka sa hannu a kai ba. A nan ban san wani malami abin dogaro da ya ce wani abu daban ba.

Da a shekarun baya ka yi wannan tambaya, da a nan amsa ta tsaya, don dokar wasan ta hana rufe kai tun daga 2007. A 2011 'yan wasan Iran mata sun je birnin Amman don wasan share fagen shiga Olamfik da Jodan, aka hana su bugawa saboda ɗankwalinsu, aka ba Jodan nasara. An yi ta kai ruwa rana har aka fara gwaji a 2012, sannan a 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince da rufe kai. Da Jodan ta karɓi baƙuncin wannan gasa ta 'yan ƙasa da 17 a 2016, an ga 'yan mata sun buga da hijabi. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga da shi a gasar duniya ta manya. Sharaɗin da doka ta sa kaɗan ne: ya zama baƙi ko launin riga, kada a haɗe shi da rigar, kada kuma ya zama haɗari ga mai shi ko ga wata. An yarda da riga mai dogon hannu a ciki, da dogon wando a ƙarƙashin gajeren, muddin launi ya dace. Saboda haka idan wani ya ce maka hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ce ta hana sutura, ba gaskiya ba ne. Idan an hana ta, to wani ne a cikin masu kula da tawaga ya hana, kuma kana da bakin magana da shi.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, wannan suturar ba ta warware komai ba. Dogon wandon da ake sawa a ƙasa yawanci matsattse ne, yana rufe fata amma yana fitar da surar ƙafa. Wando mai walwala irin na atisaye, mai tsaron gida ne doka ta ambata cewa zai iya sa shi. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce tufafin da ke siffanta al'aura makaruhi ne, ban da siffantawar da iska ta jawo. Malamai da yawa kuma sun tsananta fiye da haka idan a gaban maza ne, suna kafa hujja da hadisin Muslim game da mata masu tufafi amma tsirara. Daga nan ne malaman wannan zamani suka rabu. Wasu sun ce ko ta rufe jiki, gudu da tsalle da faɗuwa a gaban maza ba su dace da umarnin kamewa ba, suka hana gaba ɗaya. Wasu suka ce idan al'aura ta rufu, tufafin bai yi shara-shara ba, bai kuma matse wuraren fitina ba, to babu nassin da za a haramta da shi, kallon da namiji ya yi kuma nasa ne, shi aka umarta da runtse ido. Abin da na fi natsuwa da shi: idan suturar ta cika, riga mai yalwa, gajeren wando mai faɗi da ya sauka har gwiwa a kan na cikin, safa ta haɗe da shi, ba zan ce haramun ne ba, amma barinsa ya fi. Idan kuwa ba ta cika ba, haramun ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda masu jayayya a kan ɗankwali ba su cika tsayawa a kansa ba. Wasa minti 90 ne, sansani kuwa makonni ne, wani lokaci watanni. Yarinya ƙarama tana kwana nesa da gida, makomarta tana hannun mutumin da zai ce ta shiga jerin ko ta koma. Duk inda aka haɗa mai iko da mai buƙata a bayan ƙofa, Shaiɗan ya sami wurin zama, kuma wannan ba zato ba ne. A 2019 FIFA ta kori shugaban hukumar ƙwallon Afganistan daga harkar har abada saboda cin zarafin 'yan wasa mata, a ƙasar Musulmi ke nan. Ban ce duk masu horarwa haka suke ba, akwai mutanen kirki da yawa a cikinsu. Amma shari'a ba ta jira sai an gano mugu, ta rufe ƙofar tun farko: Annabi (SAW) ya hana namiji keɓewa da mace, ya hana mace tafiya sai da muharrami, duka a Bukhari da Muslim. Gaskiya ne Imam al-Baji, cikin manyan Malikiyya, ya ce manyan ayari da hanyoyi masu jama'a da aminci suna daidai da zaman gari, kuma da wannan wasu suke sauƙaƙa tafiyar jirgi cikin tawaga. Amma maganarsa a kan aminci ta rataya, kuma aminci ba a ɗaukarsa a bakin wanda ya yi hanya. Ka tafi sansanin da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka ga ɗakin da za ta kwana da wadda za su kwana tare. Ka tambayi wa yake riƙe da makulli da dare, ko akwai mace babba da ke kwana da su, wa yake duba su in sun ji rauni a cinya ko ƙugu, namiji ne ko mace, kuma ko mai horarwa yana kiran yarinya ɗakinsa ita kaɗai. Ka karɓi lambar matar da ke kula da su. Idan lokacin fita waje ya yi, kai ko yayanta ko kawunta wani ya bi ta, ko da a masauki daban zai sauka. Tun daga 2025 gasar ta koma duk shekara da ƙasashe 24, kuma Maroko aka ba baƙunci har zuwa 2029, don haka tafiyar ba ta fi ƙarfin mai niyya ba kamar a ce wani can ƙarshen duniya ne.

Salla ba ta da uzuri a nan. Lokacin wasa sananne ne tun da wuri, matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗawa, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya cika sallarsa a mazhabarmu. Alawus da kyautar da hukuma ko gwamnati ta bayar halal ne idan aikin da aka yi halal ne, tunda ba 'yan wasa ne suka zuba kuɗin ba. Caca a kan sakamakon wasa kuwa ita ce maisir ɗin da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta, kada ta kusance ta, kada kuma ta yi tallarta.

Na san abin da mahaifiyarta take hange, kuma ba mafarki ba ne zalla. Flamingos, tawagar 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da 17, sun zo na uku a wannan gasa a Indiya a 2022. Falconets, 'yan ƙasa da 20, sun kai wasan ƙarshe a 2010 da 2014, kuma daga gasar 2014 a Kanada ne Asisat Oshoala ta fito da kyautar gwarzuwa da ta yawan zura ƙwallo, ta wuce Liverpool, daga baya Barcelona. Amma waɗanda suka kai nan 'yan ƙalilan ne, mafi yawa suna dawowa gida, wasu da ciwon gwiwa. Kada karatunta ya tsaya saboda sansani. Yayanka kuma kishi ne ya sa shi magana, ka girmama shi, ka zaunar da shi ka karanta masa wannan. Mutuncin gida abin kiyayewa ne, amma kai ne waliyyinta, kai za a tambaya, kuma ba a yanke zumunci a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani.

Hukuncin da za ka yi aiki da shi ke nan: ka ƙi batun rage shekaru yau ɗin nan. Kada ka sa hannu sai an ba ka tabbaci, a rubuce in zai yiwu, cewa za ta yi atisaye ta kuma buga wasa da cikakkiyar sutura, sai kuma ka ga sansanin da idonka ka gamsu, ka kuma shirya wanda zai raka ta. Idan waɗannan suka cika, ita ma da bakinta ta ce za ta riƙe suturar da sallar ko da ita kaɗai ce a tawaga, ka sa hannu ba ka yi zunubi ba in sha Allah. Idan ɗaya ya faɗi, hana ta wajibi ne a kanka. In hakan ta kasance, kada ka sanar da ita da tsawa. Ka gaya mata dalili, ka bar ta ta ci gaba da wasanta cikin mata, ka taimaka mata in tana son koyon horarwa, don makarantun 'yan mata suna buƙatar mata masu koyar da wasanni.

Allah ne Mafi sani.