Amsar tambayarka game da mangwaron da waya ta shaƙe

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa mangwaron nan na bakin rijiya, wanda aka manta da wayar da aka ɗaure shi da ita a jikin turke, ya kumbura daga saman wayar alhali ƙasanta ya rame, da kuma abin da ya sa ganyensa ya zauna kore shar har watanni kafin ya bushe. Wanda bai san amsar wannan ba, hannunsa ba zai faɗa a auren bishiya ba.

Hanyoyi biyu ne a jikin bishiya. Ruwan da saiwa take sha yana hawa ne ta cikin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo. Abinci kuwa ganye ne yake haɗa shi da hasken rana da iska da ruwa, kuma abincin nan sukari ne, irin wanda kake tsotsa a rake. Hanyarsa ita ce siririyar fatar nan mai laushi da danshi da ke manne a cikin ɓawo, wadda kake gani duk lokacin da ka ɗaga shi da wuƙar aure, kuma a ƙaramin reshe kaurinta bai fi na farce ba. Masana suna kiranta fuloyem. Wayar ta nutse ta datse wannan fata ta kowane gefe, amma ba ta kai ga itacen ba, saboda haka ruwa ya ci gaba da hawa, ganye bai san an yi ba. Sukarin da yake saukowa shi ne ya iske hanya a toshe, ya taru a saman wayar, wurin ya yi ta ƙiba. Saiwa kuwa ta koma cin ajiyarta, ran da ajiyar ta ƙare ta mutu da yunwa, sannan ne ganye ya rasa mai ba shi ruwa.

Yadda sukarin yake tafiya shi ne abin da ya fi ba ni mamaki, tun da bishiya ba ta da zuciyar da za ta harba shi. Ka barbaɗa sukari a kan yankakken mangwaro, ka dawo bayan ɗan lokaci, za ka tarar ya jawo ruwa. Haka ganye yake loda sukari cikin ƙananan bututun fatar nan, sukarin ya jawo ruwa daga itacen da ke kusa, bututun ya cika tam, matsin ya tura ruwan zaƙin zuwa inda ake sauke shi. Wani Bajamushe, Ernst Münch, ya bayyana haka a littafinsa na 1930, kuma an auna tafiyar tana kaiwa kimanin mita ɗaya a awa. Darɓar da take sa ganyen dawa danƙo shaida ce a kan wannan matsi, domin ƙaramin ƙwaron da yake kawo ta soka bakinsa kawai yake yi a bututun, ruwan ya shige shi da kansa har ya yi masa yawa ya zubar da saura, tururuwa ta biyo.

Kada ka ɗauka kullum ƙasa yake yi. Inda ake buƙata can yake nufa, ko saiwa, ko sabon toho, ko 'ya'ya, shi ya sa nake hana ka tsige ganyen reshen da yake ɗauke da 'ya'ya. Shi ya sa kuma nake roƙon masu sassaƙen maɗaci su ɗiba ta gefe ɗaya, domin zagaye gindi da gatari kisa ne, ko da bishiyar ta daɗe tana tsaye.

Ni ma ina yaron wani na taɓa barin leda a jikin dashen da na aura har ta shiga nama, layi guda ya lalace, maigidana bai ce mini uffan ba, sai da ya sa na tsaga ɗaya na ga abin da idona. Gobe da safe ka bi layin da muka aura, duk wanda aurensa ya kama ya fitar da toho, ka yanke ledarsa ta baya da bakin wuƙa a hankali, kada ka taɓa ɓawon.