Shin Cat Stevens ne Yusuf Islam?

Malam, ka tambaya ko Yusuf Islam da kake jin waƙoƙinsa na yara a makarantun Islamiyya na Gusau shi ne mawaƙin nan na Ingila da ake kira Cat Stevens. Shi ne, mutum ɗaya ne. An haife shi a Landan a 1948, ya fara da waƙoƙin zamani masu tarin kayan kiɗa, amma tarin fuka da ya kwantar da shi a ƙarshen shekarun 1960 ya sa ya koma salo mai sanyi na jita da murya, wanda faifansa Tea for the Tillerman na 1970 ya fito da shi duniya. Ya zauna a Barazil na wani lokaci, sannan ya musulunta a 1977, ya ajiye jita fiye da shekara 20, sai a 2006 ya sake fitar da faifai irin na da.

Abin da ke rikita mutane shi ne, a tsakanin nan waƙoƙinsa na addini murya ce da ganga kawai. Ni ma a kaset na fara jin sa, a shagon wani maƙwabcinmu a Ƙauran Namoda, kuma na daɗe ina musun cewa shi ne. Idan ka saurari faifan 1970 da na 2006 a jere, za ka ji muryar ta yi kauri saboda shekaru, amma yadda yake jan baiti yana sauke shi a hankali bai canja ba.