Kasala, ganda da ƙyuya: tambayoyin masu karatu daga Jos

Wani tela daga Anguwar Rogo ya rubuto yana cewa: "Malam, maigidana ya ce min mai ganda, ni kuwa na ce kasala ce ke damuna. Ba duk ɗaya ba ne?"

Ɗan'uwa, ba ɗaya ba ne, kuma maigidanka ya san abin da yake faɗa. Kasala aro ce daga Larabci, tana cikin addu'ar nan da aka ruwaito daga Anas ɗan Malik, inda Manzon Allah (SAW) yake neman tsari daga gajiyawa da kasala. Mutuwar jiki ce, takan zo ta wuce. Wanda sanyin Disamba ya danne cikin bargo a garin nan, ko wanda zazzaɓi ya saki jiya, kasala yake ji, ba a ganin laifinsa sosai.

Ganda kuwa da wayo a cikinta. Mai ganda yana shago, yana kan keke, amma hannun riga ɗaya zai kai shi azahar. Da maigida ya leƙo sai ka ji keke ya ɗau ƙara, da ya ba da baya sai a jawo waya. Jikinsa ƙalau yake, aikin yake wa rowar ƙarfinsa. Kada a haɗa ta da gandar da ake sa wa a miya, wannan fatar saniya ce.

Ƙyuya ta fi su fito-na-fito. A wasu bakunan ƙiwuya ake cewa, kana jin "ƙi" da "wuya" a ciki: an ga aiki da wahala an noƙe. Idan ɗaya daga cikinsu ta zauna ta zama hali, sai a koma kiran mutum rago ko malalaci. To ka duba da kyau, in jikinka na sakewa da zarar an ce a tashi cin abinci, ba kasala ba ce.

Wata ɗaliba a Jami'ar Jos ta ce ta ga karin magana biyu suna karo: "Sannu ba ta hana zuwa" da "Da sanyin safiya ake kama fara." Wanne za ta bi?

'Yata, ta farkon guntule ta aka yi. Cikakkiyarta ita ce "Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba." Masu jan ƙafa sun riƙe kanta sun yar da wutsiyar, alhali gargaɗin a wutsiyar yake. Kuma sannun da ake nufi ta wanda ya riga ya kama hanya ce. Wanda bai buɗe littafi ba tun farkon zango ba sannu yake yi ba, zaune yake, zomo kuma ba ya kamuwa daga zaune.

Ta biyun daga lura ta fito. Fara ba ta da ɗumin jiki na kanta, sai rana ta gasa ta take iya tashi. Shi ya sa masu kamu ke fita tun da asuba su tsince ta a kan ciyawa, hantsi na dubawa kuwa sai dai kallo. Maganar ba ta tsaya ga sammako ba, tana nufin kowane aiki yana da lokacin da yake da sauƙin kamu. Je ki kasuwar Farin Gada ki gani, mai sarin tumatir da kabeji da ya iso bayan an sauke motoci an zaɓe, ragowa yake kwasa. Ke farar ki ita ce makonnin farko na zango, kafin jarrabawa ta yi fiffike. Saboda haka ba karo suke ba. Ɗaya tana maganar lokacin farawa, ɗaya tana maganar yanayin tafiya bayan an fara. Ni dai da za a tilasta min zaɓi, ta farar zan ba ɗalibi.

Wani ma'aikaci kuma ya tambayi mece ce taura a cikin "Taura biyu ba ta taunuwa." Ɗan itacen daji ne mai ƙaton ƙwallo da ɗan nama mai zare-zare, guda ɗaya ma cika baki take yi. Ana faɗa wa wanda ya rungumo ayyuka biyu manya a lokaci guda. Ba ta hana mutum sana'a biyu ba, Malam, cewa ta yi a gama da ɗaya kafin a jefa ta biyun a baki.