Azumin Gwajin Suga Ba Shi Da Sahur

Adda, barka da aiki. Cikina wata shida ne da 'yan kwanaki. A wajen awo an rubuta mini gwajin suga, nas ta ce ranar Talata in zo da azumi. Uwar mijina ta ce tunda azumi ne, in tashi da asuba in sha koko da ƙosai kada in galabaita. Maƙwabciyata kuma ta ce ita a nata cikin sai da ta karya kumallo sannan ta tafi, kuma an yi mata. Wa zan bi? Daga ƙanwarki a Pantami.

Ƙanwata, maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba, surukarki kuma tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Amma idan kika sha kokon nan, kin yi asarar kuɗin gwaji da na Keke Napep, wunin ma ya tafi a banza.

Kalmar azumi ce ke rikita mu. Mu da an ce azumi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne a yi sahur, a kame baki daga alfijir, ko ruwa ba a sha. Na asibiti akasin haka yake. Da dare ake yin sa, babu sahur, ruwa kuma ba ya karya shi. Na sha ganin mata a layin ɗakin gwaji, leɓe ya bushe, tun jiya ba su kurɓi ruwa ba, amma da an tambaye su sai su ce ai sun ɗan taɓa ɗumame da asuba. Sun wahalar da kansu inda ba a nema ba, sun kuma ɓata gwajin inda ake nema.

Gwajin iri biyu ne, shi ya sa labarinki da na maƙwabciyarki suka bambanta. Akwai ƙarami na tantancewa: a ba mace gulukos, wani nau'in suga, giram 50 a ruwa ta shanye, bayan awa ɗaya a ɗibi jini. Wannan ba ya bukatar azumi. Idan sugan jinin ya kai 7.8 a ma'aunin mmol/L, wato 140 a ma'aunin mg/dL (wasu asibitocin daga 130 suke kamawa), sai a tura ta babban gwajin. Da alama shi aka yi wa maƙwabciyarki. Ko a wannan ɗin ma ba na son mace ta cika cikinta da shayi mai kauri da burodi ta tafi, don yana iya ɗaga sakamakon ya ja mata gwaji na biyu a banza.

Naki shi ne babban, wanda za ki ga an rubuta OGTT a takardarki, mai giram 75. Ga yadda za ki yi. Ranar Litinin da dare ki ci tuwonki yadda kika saba, ki gama kafin ƙarfe goma. Daga nan sai ruwa zalla. Ban da shayi ko da babu suga, ban da kunu, zoɓo, dabino, cingam da alewa, ban da goro. Asuwaki ko buroshi babu laifi. Ana so tsakanin lomar ƙarshe da ɗibar jinin farko a sami aƙalla awa takwas, kada kuma ya wuce sha huɗu. Saboda haka ki yi sammako. Idan kin isa kin tarar da layi, ki je ki gaya musu ke mai ciki ce kuma OGTT za a yi miki. Kunya ba ta da amfani a nan, domin idan kika zauna shiru har rana ta take, azumin ya zarce ƙa'ida, ga ki da jiri.

Za su fara ɗibar jini kafin ki sha komai. Sai a miƙo miki kofi, ruwa ne kamar rabin ledar fiya wata ko ya ɗara kaɗan, an dama gulukos a ciki. Zaƙinsa har maƙogwaro, ba zan ɓoye miki ba. A cikin minti biyar ake so ki shanye. Daga nan a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya, a kuma ɗiba bayan awa biyu. Ki duba agogon wayarki lokacin da kika fara sha, ki riƙa tuna musu da kanki, don ma'aikacin da ke fama da mutum hamsin yana iya shagala.

Awa biyun nan a zaune ake yin su. Ba lokacin zagaya ɗakin haihuwa a yi wa wata barka ba ne, ba kuma lokacin leƙawa bakin ƙofa a taya atamfa ba. Tafiya na ƙona suga, sai sakamako ya fito ƙasa da gaskiyarsa. Ki zo da 'yar rakiya, ki zo da kularki da abinci, masa ce ko ɗanwake, da an ɗibi jinin ƙarshe ki ci a nan kafin ki hau hanya. Ƙwayoyin ƙarin jini ki bari sai bayan gwaji. Idan akwai wani magani da likita ya ɗora ki a kai, ki tambaye shi tun kafin ranar. In kuma kika tashi da zazzaɓi, a ɗage, rashin lafiya na hargitsa suga.

Lambobin da za ki duba uku ne. Na azumi 5.1, na awa ɗaya 10.0, na awa biyu 8.5. Idan injinsu da mg/dL yake rubutawa, su ne 92, 180 da 153. Ɗaya kawai ya kai ko ya wuce, an kama suga na ciki. Waɗannan alƙaluma sun samo asali ne daga wani babban bincike mai suna HAPO, da aka buga a 2008, wanda ya bibiyi mata masu ciki sama da 23,000 a ƙasashe tara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ɗauke su a 2013. Dubi na farkon nan, 5.1. Kofin koko ɗaya ya isa ya haura da ke samansa, a rubuta miki ciwon da ba ki da shi.

Surukarki kuwa ki lallaɓa ta. Ki ce, “Inna, likita ya ce kokon sai na dawo, a ajiye mini a filas.”

Goggo, ɗana na fari kilo 4.3 ya zo, sai da aka yi mini aiki. Mahaifina ma yana da suga. Yanzu ina da ciki na sati 25, gabana faɗuwa yake yi. Wata ƙawata ta ce in bar tuwo da shinkafa kwana uku kafin gwajin, in riƙa shan ruwan shuwaka, sakamakon zai fito da kyau. Haka ne? Daga Bolari.

'Yata, wa za ki yaudara? Ba jarrabawar shiga makaranta ba ce, da za a ce in kin ci an ba ki gurbi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dabarar ma ba ta aiki. Jikin da aka hana abinci mai sitaci kwana uku, aka wayi gari aka antaya masa gulukos giram 75, ruɗewa yake yi, sugan ya hau fiye da yadda zai hau a da. Shi ya sa ƙa'idar gwajin ta ce a kwana ukun nan mace ta ci abincinta na kullum, da aƙalla giram 150 na sitaci a rana. Wadda ke cin tuwo da shinkafa da kunu kamar kowa a Gombe ta wuce wannan ba tare da ta auna ba. Shuwaka kuma ki bar ta a miya.

A ce ma dabarar ta yi aiki, an ba ki takarda fes, kin dawo gida da murna. Sugan yana nan. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke sa jikin uwa ya rage jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, kuma ƙarfinsu ƙaruwa yake yi yayin da ciki ke tsufa, dalilin da ya sa ake gwajin tsakanin sati 24 da 28 ke nan. Sugan uwa na ratsawa ya isa ga ɗa, insulin ɗinta kuwa ba ya ratsawa. Sai jikin ɗan ya shiga ƙera nasa da yawa, yana mayar da sugan kitse, yana tara shi a kafaɗu da ciki. Ranar suna mata su yi ta tubarkalla, ƙaton yaro kamar ɗan wata uku, ba wanda ke tuna abin da uwar ta gani a ɗakin haihuwa. Kai na iya fitowa kafaɗa ta maƙale. Bayan an yanke cibiya kuma, sugan uwa ya daina zuwa, insulin ɗin jariri na nan da yawa, sai nasa sugan ya faɗi. Ga ciwon shawara da ke yawan kama irin waɗannan jarirai, ga hawan jini da ke iya samun uwar.

Abin da ya fi damuna da wannan ciwo shi ne shirunsa. Yawancin mata ba sa jin komai. Ƙishirwa, yawan fitsari da kasala kuwa, wace mai ciki ce ba ta yin su, balle a zafin Afrilu?

Ke da tarihinki, tun zuwanki awo na farko ya kamata a ce an duba ki, a kuma maimaita yanzu. Haka duk wadda ta taɓa haihuwar ɗa mai kilo huɗu ko fiye, ko ɗa ya taɓa mutuwa a cikinta ba a san dalili ba, ko mai ƙiba sosai, ko wadda ta haura shekara 35, ko wadda ta yi sugan a cikin baya. Idan an kama, yawancin mata gyaran abinci da 'yar tafiya bayan cin abinci ke riƙe su: a rage malmala, a ƙara miya da ganye da wake, a yi sallama da lemon kwalba. Wasu sai an haɗa musu da ƙwayar metformin ko allurar insulin, kuma insulin ba ya cutar da ɗa. Galibi sugan na sauka bayan haihuwa, sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Ki koma a sake gwada ki sati shida zuwa sha biyu bayan kin haihu, wato da kin gama wankan jego ki sa rana, sannan ki riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci, domin wadda ta yi sugan ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da na dindindin.

Hajiya, ni magidanci ne a Kumo. An tura iyalina Gombe gwajin suga. Na ga ƙaramar na'urar gwaji a kemis. Ba gara in saya mu yi a gida ba, mu huta da zirga-zirga? An kuma ce mu zo da garin gulukos, wanne zan saya?

Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu har ka rubuto. Na'urar kada ka saya tukuna. Jinin yatsa take aunawa, kuma kuskuren da aka yarda mata da shi ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa. Inda hukunci ya rataya tsakanin 5.0 da 5.1, wannan kuskure ya yi yawa. Gano ciwon sai da jinin jijiya, a ɗakin gwaji. Gwajin fitsarin da ake yi a awo ma bai wadatar ba.

Ba dole sai Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru ba. Idan akwai ɗakin gwaji mai rajista kusa da ku, ka je ka tambaye su abu uku: sau nawa za su ɗibi jini, a nan suke aunawa ko aikawa suke yi, kuma kuɗin da suka faɗa ya haɗa da gulukos? Ta biyun ta fi muhimmanci. Jinin da aka bari a kwalba yana jiran mota, sugansa raguwa yake yi, ko da an zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka da aka tanada don wannan aiki. Wurin da ke aunawa nan take ya fi, ko da ya ɗara tsada. Araha ba ta ado.

Garin gulukos kuwa, ka sayi wanda suka ambata maka da suna, a rufe, ka duba ranar lalacewarsa, ka miƙa musu su auna a sikeli. Kada a yi awo da cokali. Akwai dalili: giram 75 ɗin na gulukos busasshe ne, irin na kanti kuma yawanci mai ɗauke da ruwa ne a ƙwayarsa, wanda sai an auna giram 82.5 kafin ya yi daidai. Sukarin shayi, zuma, lemo ko maltina ba sa maye gurbinsa.

Idan sakamako ya nuna tana da shi, to a lokacin na'urar ta zama abin saye. Kafin ka tambayi kuɗinta, tambayi kuɗin tsinkayenta da ake ɗiga jini a kai, ka kuma tabbata ana samunsu a Kumo, don su ne cefanen kullum. Na san gidajen da na'ura ke kwance a durowa saboda tsinkenta ya ɓace a kasuwa. A ajiye su a rufe a inuwa, ban da cikin mota ko bakin taga. Abin da likitoci suka fi nema shi ne ƙasa da 5.3 da safe kafin karin kumallo, ƙasa da 7.8 awa ɗaya bayan abinci. Idan na'urar manyan lambobi take nunawa, ka raba da 18.

Adda, na sha ruwan gulukos ɗin, ko minti ashirin ban yi ba na amayar. Yanzu an sake sa mini rana, ina tsoron ta faɗo cikin azumin Ramadan. Yaya zan yi?

Da kin yi amai gwajin ya tashi, daidai suka yi da suka sake sa rana. Wannan karon ki roƙa a dama da ruwa mai sanyi, ki sha kurɓi kurɓi cikin minti biyar ɗin maimakon ɗaga kofi gaba ɗaya, ki zauna inda iska ke kaɗawa. Idan ya sake dawowa, likita na da wata hanya, kamar auna suganki kafin abinci da bayansa na wasu kwanaki.

Gwajin ba ya haɗuwa da azumin Ramadan a rana ɗaya, tunda babu sahur kuma da hantsi za ki sha gulukos. Ranar ajiye azumi za ki yi. Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame, batun ramuwa kuma ki tambayi malaminku. Ki sanar da likita cewa kina azumi a kwanakin da suka gabaci gwajin, don ya san yadda zai tsara miki. Kada dai ki ce sai bayan Salla, in hakan zai fitar da ke daga sati 28.