Alhaji kar a binne mabiyiyar nan tukuna

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da safiya. Alhaji barka da arziki, Allah ya raya duƙushi, ya ba goɗiya lafiya. Na ji muryarka, ka ce ta haihu da asuba a bargarka ta Aboabo a nan Kumasi, mabiyiya ta faɗo bayan kamar awa ɗaya da rabi, yara suna so su binne, kana tambaya ko a bar su. Hoton ma na gani. To Alhaji don Allah ka tsayar da su, kar a binne tukuna. Hoton da ka turo a dunƙule take cikin bokiti, wallahi ko likita ba zai iya ce maka ta cika ko ba ta cika ba a haka.

Lokacin dai ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ka'idar da ake bi ita ce 1, 2, 3: awa 1 ɗa ya miƙe, awa 2 ya kama nono ya sha dakashi, awa 3 mabiyiya ta fita. Amma fitowa daban, fitowa gaba ɗaya daban. Mu nan yawancinmu da shanu da tumaki muka saba, saniya sai ta kwana biyu uku da abu yana reto a bayanta kuma ta tashi garau, to goɗiya ba ta da wannan juriyar. Guntu ƙarami in ya maƙale a mahaifarta sai ya fara ruɓewa, guba ta shiga jini, zazzaɓi ya taso, daga nan ya sauka a kofato, abin da likitoci ke kira laminaitis. Cikin kwana ɗaya biyu sai ka ga dabba ta ƙi takawa, ta miƙa ƙafafun gaba ta jingina da na baya, kofato ya yi zafi. In ta kai nan ko ta rayu ba lallai ta koma daidai ba.

Ga yadda za ku yi. A sa safar hannu, in babu a ɗaura leda. A nemi siminti mai tsabta a inuwa ko a shimfiɗa buhu, a ɗauraye ta da ruwa kaɗan, a ware ta. Za ku ga kashi uku. Akwai fara siririya mai sheƙi, wadda ɗan ya fito a ciki. Akwai cibiya. Sai babbar jakar mai kauri, ita ce abin dubawa. In ka shimfiɗa ta sosai kamar wando take, gindi ɗaya ƙafa biyu, saboda mahaifar goɗiya reshe biyu gare ta. Ƙafa ɗaya babba ce mai kauri, nan ƙafafun ɗan na baya suka zauna. Ɗayar ƙarama ce, siririya, duk ta yamutse. To wannan ƙaramar ita nake so ka duba da idonka Alhaji, ba yaro ba. Ka bi ta da hannu har ƙarshe, ka tabbata bakinta a rufe yake, a toshe, ba a yage ba. Mafi yawan abin da ke saura a ciki ƙarshen wannan ƙaramar ƙafar ne, don siririya ce, saurin tsinkewa gare ta.

Rami ɗaya ne kawai ya kamata a samu, can ta gindi inda ɗan ya fasa ya fito, wurin za ka ga fararen layuka sun bazu. In ka ga wata yagewa daban, wataƙila uwar ce ta taka, sai ka haɗa bakin biyu ka kalli jijiyoyin jini, in na wannan gefen sun haɗu da na wancan ba abin da ya ɓata, in ba su haɗu ba akwai guntun da babu. Ni abin da na fi yarda da shi ruwa ne. Ka riƙe ta ta wannan ramin, a zuba ruwa da buta ko tiyo, ƙafafun biyu su cika su kumbura, duk inda ke yoyo za ka gani.

Yawanci a juye take fitowa, gefen santsi mai fari-fari da jijiyoyi shi ne a waje. Bayan ka gama da shi sai ka juya ta ka ga ɗaya gefen, wanda ya manne da mahaifa. Ja ne wur mai laushi, ko'ina launi kusan ɗaya. Abin da ba a so, wuri ya yi kauri ya yi ruwan ƙasa, ko majina-majina da ruwan mugunya, ko wari, musamman kusa da ramin da ɗan ya fito. Wannan alama ce cuta ta shiga tun yana ciki, kuma shi kansa ɗan yana iya ɗauke da ita ko da ka gan shi yana tsalle yau, sai likita ya duba shi. Haka in farar jakar ta rine da kashin ɗan, ya sha wahala wajen fitowa ke nan, a sa masa ido.

Nauyi ma yana magana. Lafiyayya tana kai kamar kashi 11 cikin 100 na nauyin ɗan, wato ɗa mai kilo 35 tasa wajen kilo 4. A ari sikeli a rataya. In ta zarce haka da yawa ruwa ta tara ko ciwo. Cibiya kuma daga santimita 35 zuwa wajen 85, 'yar murɗewa ba komai, amma in ta murɗe tam ta kumbura ka faɗa wa likita. Af, za ku iya ganin wani curi mai taushi ruwan ƙasa, bai wuce tafin hannu ba, kar kowa ya tsorata ko a ce an yi wa goɗiya wani abu, tarin gishirin fitsarin ɗan ne da dattin ruwan ciki, kusan kowace haihuwa ana samu.

Sai maganar da Malam ya yi ɗazu, cewa in mabiyiya ta daɗe ba ta faɗo ba a ja da hannu ko a ɗaura dutse. Malam ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Ja shi ne ke tsinke wannan ƙarshen ya bar shi ciki, yana iya jawo zubar jini, har mahaifar ma ta biyo. In tana reto a ƙulle ta sama da gwiwar baya don kar ta taka, a duba agogo, awa 3 ta cika a kira likitan dabbobi ko tsakar dare ne. Su ke da allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta matse ta turo mabiyiyar, su san awonta, su wanke mahaifa, su ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na tetanus. Kar a sayo a kyamis a caka mata da ka, in ta yi yawa ciwon ciki take sa ta mai tsanani. A Kumasi ba mu rasa likitoci ba, akwai ofishin dabbobi na gwamnati, ga makarantar likitan dabbobi a jami'ar KNUST, kowa ya ajiye lambar ɗaya tun goɗiyarsa na wata 10, tunda cikinsu wata 11 ne, wajen kwana 340.

Ko ta cika ɗin ma Alhaji, kwana 3 ɗin nan a riƙa auna zafin jikinta safe da yamma, digiri 37.5 zuwa 38.5 shi ne daidai, a taɓa kofato, a lura ko tana ci, da ko wani ruwa mai wari na fita. Kuma ku yi sauri da dubawar, zafin garin nan kafin azahar ta fara canza launi, a rufe bokitin saboda karnuka da ƙuda. Ka ɗauko min hoto uku, ɗaya a shimfiɗe gaba ɗaya, ɗaya ƙarshen ƙaramar ƙafar kusa-kusa, ɗaya jan gefen. Wayata na hannuna, ina jira.