Tambaya da Amsa: LSAT ta sa ni gaba, kullum amsa biyu ke rage min

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni na karanta tattalin arziki, na gama bautar ƙasa bara, burina in tafi Amurka in karanta lauya sai aka ce min dole sai na rubuta LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauya a can. Na fara gwaji amma wlh ɓangaren nan da ake kawo ɗan gajeren zance a ce ka nemo raunin hujjar shi ke kayar da ni, kullum sai in cire amsa uku ya rage biyu sai in ɗauki wadda ba ita ba. Kuma Turancina ba laifi. Ko sai na fara karanta littattafan shari'a ne tukunna? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka buri. Littattafan shari'a kam ajiye su, LSAT ba ta tambayar doka ko ɗaya. A Amurka sai ka gama digirin farko a kowane fanni sannan ka shiga karatun lauya na shekara 3 da suke kira JD, ba kamar namu na nan da ake shiga daga JAMB ba, shi ya sa jarrabawar ba ta ɗauka ka san komai a shari'a. (Masu LLB, wato digirin farko na lauya, da ke karanta wannan shafi, ku yawanci LLM, digiri na biyu, za ku nema kuma ita ba a cika neman LSAT ba, ku duba sharuɗɗan makarantar kafin ku ɓata kuɗi.)

Hukumar LSAC ce ke shirya ta, maki daga 120 zuwa 180, manyan makarantu irin su Yale da Harvard ɗalibansu yawanci sama da 170 suke. Tun watan Agustan 2024 suka cire ɓangaren wasannin lissafin tunani, yanzu ɓangaren da kake kuka da shi biyu ne cikin uku da ake sa wa maki, ɗayan kuma karatu da fahimta ne, akwai na huɗu na gwaji da ba ya shiga maki amma ba za su gaya maka wanne ba ne. Kowanne minti 35, tambaya kusan 25, ka ga kenan ko minti ɗaya da rabi ba ka da shi a kan kowace. Wato dai abin da ya fi ba ka wuya shi ne mafi yawan makinka, ba gudu.

To ga inda nake zaton matsalar take. Cikin amsa biyun nan da ke rage maka, ɗaya gaskiya ce a duniya, ɗayar kuma ita ce ta taɓa hujjar, kai kuma kana zaɓar wadda ta yi kama da gaskiya. A ce an rubuta: wani gari an saka fitilun sola a tituna, bayan shekara sata ta ragu, don haka fitilun ne suka rage sata. Sai a ce wace amsa ce ta fi raunana zancen. Wata amsa za ta ce fitilun sun ci kuɗi da yawa, sai zuciyarka ta ce ai kuwa haka ne, to amma tsada me ta haɗa da ko sun rage sata ko ba su rage ba? Amsar da ake nema ita ce wadda ta ce a shekarar ce kuma garin ya kafa 'yan sintiri. Ita ce ta kawo wani dalili daban, ta ɓalle igiyar da ke tsakanin fitila da raguwar sata.

Don haka kafin idonka ya sauka kan amsoshin biyar, tsaya ka tambayi kanka abu biyu: me mai maganar nan yake so in yarda da shi, kuma da me ya kafa hujja. Kar ka ɗauka kullum jumlar ƙarshe ce matsayarsa, sau da yawa a tsakiya suke ɓoye ta. In ka raba su biyu za ka ga ramin da ya tsallake bai faɗa ba, kuma a kan ramin nan kusan duk tambayoyin suke yawo, ko a ce ka cike shi ko ka faɗaɗa shi ko ka faɗi sunansa.

Wani wurin da mutane ke zubewa shi ne sharaɗi, kuma wannan ka riga ka sani tun a islamiyya. Alwala sharaɗin sallah ce, ba alwala ba sallah, amma don ka ga mutum da alwala ba za ka rantse ya yi sallah ba. LSAT na son wannan tarkon sosai, za ta ce sai da kaza ake samun kaza, sannan mai maganar ya juya ya ce tunda kaza ya samu to ɗayan ma ya samu. Da ka ga haka ka kama shi. Haka kuma ka kula da ƙananan kalmomi, "wasu" daban "yawanci" daban "duka" daban, amsa mai kyau sai kalma ɗaya ta kashe ta.

In tambayar ta ce wane zato ne hujjar ta dogara da shi, ga dabara: juya amsar ka kore ta, wato ka ɗauka abin da ta faɗa ba haka yake ba, in hujjar ta rushe to ita ce, in tana nan tsaye ba ita ba ce.

Maganar atisaye, ni ban yarda da yin gwaji goma a jere kana ƙirga maki ba. Shiga LawHub, shafin intanet na hukumar, akwai tsofaffin jarrabawa na asali wasu kyauta, ka fara ba agogo. Duk tambayar da ka faɗi ka rubuta da hannunka me ya ja ka zuwa amsar banza da kuma me ya sa ta daidai ta zama daidai, da Hausa ma in ka ga dama. Sai ka ga kuskurenka ya fara maimaita kansa sannan ka kunna agogo. Kar ka yi gaggawar rajista tunda da dala ake biya kuma akwai iyakar sau nawa za ka iya rubutawa. Ranar jarrabawa kuma kar ka bar tambaya ko ɗaya fanko, ba a cire maki don ka zaɓi ba daidai ba, in lokaci ya ƙure canka kawai.